An biya min kujerar Makka amma tsoron jirgi ya hana ni barci

Saƙon wannan makon daga wata 'yar'uwa ce a Kano, na ɗan rage shi don ya yi tsawo:

"Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da shawara kuma ki ɓoye sunana. Yayana ne ya biya min kujerar Makka bana, kowa a gida murna yake amma ni tun ranar da aka faɗa min ban ƙara barcin kirki ba. Ban taɓa hawa jirgi ba. Ina 'yar shekara 13 jirgi ya faɗo a Gwammaja, gidanmu ba nisa, na ga hayaƙin da idona. Tun daga nan ko ƙarar jirgi na ji a sama sai gabana ya faɗi. Yanzu in na tuna za a rufe ƙofa ina ciki sai numfashina ya sarƙe, hannuna ya yi sanyi, in ji kamar mutuwa zan yi. Maigidana ya ce rashin tawakkali ne, wata ƙawata kuma ta ce in sayi maganin barci a kemis in sha kafin a tashi. Har na fara tunanin in ce wa Yaya ya ba wani kujerar. Saura wata uku. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Eh Hajiya na ce, tun yanzu na fara kiran ki da sunan don kunnenki ya saba.

Kar ki kira Yaya tukuna. Wannan tunanin na mayar da kujera na san lokacin da yake zuwa miki, wajen ƙarfe biyun dare ne kowa ya yi barci ke kina kallon silin, kuma shawarar da mutum ya yanke a irin wannan lokacin ba tasa ba ce, tsoro ne ya yanke masa. In kika mayar zaki ji sanyi a ranki na kwana biyu uku, daga nan ranar da aka fara nuna maniyyata a talabijin suna hawa matakalar jirgi sai wani ciwon ya taso wanda ya fi na farko, kuma tsoron bai tafi ko'ina ba, ƙara ƙiba ma ya yi, don shi wannan abu gudun da ake yi masa shi ne abincinsa.

Sai maganar maigida. Ki karanta masa wannan ɓangaren in kina so, cikin ladabi dai. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, maza da yawa in sun rasa yadda za su lallashi mace sai su koma wa'azi. Amma jin tsoro daban, rashin tawakkali daban. Annabi Musa alaihis salam da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyinsu da sandunansu, Alƙur'ani a Suratu Ɗaha ya faɗa ƙarara cewa ya ji tsoro a ransa, kuma abin da Allah Ya ce masa shi ne kada ka ji tsoro, ba a ce masa imaninka ya ragu ba. Annabi Ibrahim ma da ya ga baƙinsa ba sa miƙa hannu ga abincin da ya kawo musu ya ji tsoron su. Toh in waɗannan sun ji, wace ce ke wace ce ni? Mai tawakkali shi ne wanda ƙafarsa ke rawa amma ya ce bismillah ya taka matakalar. Kuma kinsan hadisin mutumin nan mai raƙumi da aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah, toh duk abin da zan lissafa miki a ƙasa ɗaurin raƙumi ne.

Abin da kika gani a Gwammaja gaskiya ne, ba zan ce miki mafarki kika yi ba. Ranar 4 ga Mayu 2002 ne, jirgin ya tashi daga Kano za shi Legas ya faɗa cikin gidajen mutane, sama da mutum 100 suka rasu har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu, Allah Ya jiƙansu. Yarinya 'yar 13 ta ga wannan, kuma na tabbata ba wanda ya zaunar da ke ya tambaye ki me kike ji, an dai ce ki yi addu'a ki manta. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma ba zan ɓoye miki sauran ba tunda a wajen bita ma sai kin haɗu da wata mai bakin ba da labari ta tuno miki na alhazai a Jidda a 1991, ko wanda ya tafi da Sarkin Musulmi Maccido a Abuja a 2006, ko na Legas a 2012. Duk sun faru. Abin da masu ba da labarin ba sa ƙarawa shi ne harkar jirgi ba kamar ta mota ba ce da za a ja gawar motar gefen titi gobe a ci gaba da gudu a wurin. Kusan duk jirgin da ya faɗi sai an tsince shi ƙusa ƙusa an gano dalili an canza doka. Irin jirgin da ya faɗo unguwarku hana shi ɗaukar fasinja aka yi a Najeriya bayan abin, kuma bayan haɗurran 2005 da 2006 aka yi sabuwar doka da ta ba hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, cin gashin kanta.

Ga lissafi kaɗan. Kullum ta Allah jirage sama da 100,000 ne ke tashi su sauka a duniya, ba ki taɓa jin an sa su a labarai ba don sauka lafiya ba labari ba ne. A 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙirga tashi kusan miliyan 37, kuma a cikin manyan jiragen fasinja irin wanda zaki hau ko ɗaya bai yi haɗarin da ya ci rai ba a shekarar, guda ɗaya da ya ci rayuka ƙaramin jirgi ne mai farfela a ƙasar Nefal. A 2023 ɗin dai kujerar aikin Hajji 95,000 Saudiyya ta ba Najeriya, kuma ba wanda ya tafi a raƙumi. A gefe guda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ƙirga mutum sama da 5,000 da ke mutuwa a titunanmu duk shekara, waɗanda aka rubuta kenan. Ke da kike shiga motar haya Kano zuwa Zariya direba na tsere da tirela yana amsa waya, har gyangyaɗi kike yi.

Amma na san wannan lissafin ba zai warkar da ke ba, don da lissafi na magani da tuni kowa ya warke. Kanki ya yarda, cikinki ne bai yarda ba. A mota kina ganin direba, kina iya cewa malam dan Allah rage gudu, in abin ya ishe ki ki ce a sauke ki a Kwanar Dangora. A jirgi an rufe ƙofa, ba ki ganin mai tuƙi, ba ki san me ake ciki ba, duk ƙarar da kika ji sai zuciyarki ta fassara miki ita da mafi munin fassara. Rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa zan ɗauke ki mu yi tafiyar tun daga nan, ki san kowace ƙara da sunanta kafin ki ji ta.

Kina shiga zaki iya ganin wani farin abu kamar hayaƙi yana fitowa ta saman kujeru. Ba gobara ba ce, sanyin na'ura ne ya haɗu da iska mai ɗumi, kamar in kin buɗe firiza da rana. Za a tura jirgin baya da wata 'yar mota, fitilu su ɗan yi ƙyaf, injin ya fara gurnani, a wasu jiragen ma har wata ƙara zaki ji a ƙarƙashin ƙafarki kamar haushin kare, famfon man da ke motsa birki da tayoyin jirgin ne, lafiyarsa ƙalau. Sai ya yi ta tafiya a hankali kamar mai neman adireshi har ya kai bakin titinsa ya tsaya. Daga nan injin zai yi ƙara sosai, ki ji an manna bayanki da kujera, a yi gudu na ƙasa da minti ɗaya, hancin ya ɗaga, shikenan kun bar ƙasa. Daƙiƙa kaɗan sai ki ji gum a ƙasanki, tayoyi ne suka shige ɗakinsu aka rufe. Toh ga wurin da nake so ki riƙe da kyau don nan ne ya kusa kashe ni a hawana na farko: bayan kamar minti ɗaya ko biyu ƙarar injin za ta ragu, ki ji kamar jirgin ya tsaya cak ko ma yana zurmawa ƙasa. Ni a ranar salati na saka da ƙarfi na damƙe hannun wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba, har yau in na tuna kunya nake ji. Ashe matuƙin ne ya rage wuta tunda an gama tashi ba a buƙatar ƙarfin farko, jirgin yana nan yana hawa, cikin kunnenki ne ke yi miki ƙarya don shi ke auna motsi kuma bai saba da wannan ba. Haka in zai yi kwana zai karkata gefe ki ga ƙasa ta taga ɗaya sama ta ɗayar, ba kifewa zai yi ba, haka yake juyawa, ko shirwa ma haka take yi. Ƙarar ƙararrawa da zaki riƙa ji jefi jefi kuma yawanci saƙo ne tsakanin ma'aikata ko wani fasinja ne ya danna yana son ruwa.

Sai ku daidaita can wajen ƙafa 35,000, a nan ne ma zaki fara jin haushin kanki don ba abin da ke faruwa, shiru kamar kina zaune a falo ana kunna janareta a maƙwabta. Kano zuwa Saudiyya awa huɗu zuwa biyar ne, in an yi zagaye kamar yadda yaƙin Sudan ya sa aka yi a 2023 ya ɗan haura. Kakanninmu wannan hanyar a ƙafa da jaki suke bin ta, ta Borno su ratsa Chadi su shiga Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suke yi, wasu ma can suka zauna jikokinsu na nan har yau suna jin Hausa. Ba don in sa ki jin kunya na faɗa ba, kawai duk sanda na hau sai na tuna su.

Yanzu babbar magana, gargada. Jirgi zai yi jijjiga, ba wai ƙila ba, zai yi. Ita iska ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, akwai mai zafi da ke tasowa daga ƙasa, akwai wadda ta bugi duwatsu ta tashi, akwai inda iska biyu ke haɗuwa, in jirgi ya ratsa sai ya yi kamar mota a titin da ba kwalta. Mutane na cewa wai jirgi ya faɗa rami a sama, babu wani rami, iskar ce ta ɗan sauka da shi ta kuma ɗago shi, kuma abin da cikinki zai ce miki faɗowa ce daga saman bene yawanci 'yar tazara ce. In kika leƙa kika ga fiffike yana lanƙwasa yana rawa kar ki ce zai karye, da gangan aka yi shi haka, busasshen reshe ne ke karyewa ɗanye lanƙwasawa yake, kuma kafin a yarda wani samfurin jirgi ya ɗau mutane sai an ɗora wa fiffikensa nauyin da ya kai ɗaya da rabi na mafi tsananin abin da ake tsammanin zai gamu da shi a sama. Haɗarin gargada na gaskiya ɗaya ne, mutumin da bai ɗaura bel ba. A watan Mayu 2024 wani jirgin Singafo da ya taso daga Landan ya shiga mummunar gargada, mutane da dama suka ji ciwo don an cilla su sama sun bugi rufi, wani dattijo ya rasu, amma shi jirgin ya sauka lafiya a Bankok. Don haka bel ɗinki ya zauna a ɗaure ko an kashe alamar, ki sa shi ƙasa ƙasa a kan ƙugu, kuma a saman hijabi yadda ma'aikata za su gani ba sai sun tashe ki ba. In an fara girgiza ki kalli ruwan da ke cikin kofinki, zaki ga ɗan motsi yake yi alhali ke kina jin duniya ta kife. Ki kuma kalli fuskar ma'aikatan. Ko an ce su ma su zauna ba wai an shiga uku ba ne, ana gudun kar shayi ya zube wa wani ne ko keken abinci ya buge mutum.

In inji ya mutu fa? Na san kin tambayi kanki. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ya iya tashi ya yi tafiya ya sauka da guda ɗaya, kuma matuƙa biyu ne a gaba, duk bayan wata shida ake saka su a na'urar gwaji a kashe musu inji a kunna musu gobara a ga yadda za su yi. Ko duka biyun suka tsaya ba ya faɗowa kamar dutse, fukafukan na nan, lulawa yake yana sauka a hankali. A Janairun 2009 a Amurka tsuntsaye suka shige injinan wani jirgi duka biyun suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 ba wanda ya rasu. Ita kuwa ƙofar da kike tsoro, in an yi sama ko ƙato goma ne ba za su iya buɗe ta ba saboda iskar cikin jirgin ta danne ta. Kuma iska ba ta ƙarewa a ciki, ana ta sabunta ta har ku sauka.

Toh sai jikinki, don gaskiya ni a ganina ba jirgin kike tsoro ba kamar yadda kike tsoron abin da zai same ki a cikinsa. Wannan sarƙewar numfashi da sanyin hannu da jin kamar za a mutu, likitoci sun san shi sarai. Jiki ne ya ɗauka an biyo ki, sai ya sako sinadarin da ke sa zuciya gudu don ki tsere, jini ya bar tafin hannu ya koma manyan gaɓoɓi, ki fara haki, hakin kuma shi ke kawo jiri da jin yatsu kamar ana tsikara miki allura, ke kuma da kin ji haka sai ki ce shikenan ta zo, sai tsoron ya ninka. Abin da nake so ki sani, wannan abin yana da iyaka. Yawanci cikin minti goma yake kai ƙarshen ƙarfinsa daga nan dole ya fara sauka ko kin yi wani abu ko ba ki yi ba, jiki ba ya iya riƙe shi. Kar ki yi kokawa da shi. In ya zo ki ce masa ka zo? Bismillah zauna. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu a ranki, ki sake shi ta baki a hankali kamar mai hura koko kina ƙirga shida ko bakwai, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, nan sirrin yake. Ni da carbi nake haɗawa, kowane fitar numfashi Subhanallah ɗaya a ja ƙwaya ɗaya. Ki saki kafaɗunki, ki buɗe hannun da kika dunƙule, ki taka ƙasa da tafin ƙafa biyu.

Amma fa wannan ba a cikin jirgi ake koyon sa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ukun nan da kike gani kamar bala'i ne ke matsowa, ni dukiya nake ganin su. Daga yau safe da yamma minti biyar biyar ki yi wannan numfashin lokacin da hankalinki ke kwance. Bayan sati ɗaya ki fara tsokanar tsoron da kanki kaɗan kaɗan: ki nemo bidiyo a YouTube na wanda ya ɗauka daga kujerar fasinja tun daga tashi har sauka, jirgin da ya sauka lafiya fa, ki sa abin ji a kunne ki kalla. Gabanki zai faɗi, kar ki kashe, ki zauna da shi kina numfashi har ki ji ya ragu da kansa, gobe ki maimaita, jibi ki maimaita, har ranar da zaki kalla kina hamma. In kin kashe lokacin da tsoron ke sama kin koya wa zuciyarki cewa gudun ne ya cece ki. Daga nan maigida ya kai ki wajen filin jirgin Malam Aminu Kano ku tsaya inda aka yarda a tsaya ki ga suna tashi suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ga shi kin ba shi aikin yi maimakon wa'azi. In da hali, kuma na san tikiti ya yi tsada, ku yi Kano zuwa Abuja ke da wani naki, bai kai awa ɗaya ba, ki dawo ki ga kin zama mai ba wasu labari a wajen bita. In babu hali ba komai, bidiyon da zuwa filin ma suna aiki.

Kuma dan girman Allah ki daina kallon bidiyon haɗarin jirgi. Na san kina yi, duk mai wannan tsoron yana yi, wai yana bincike. Facebook da TikTok in kika tsaya kan guda ɗaya sai su yi ta turo miki 'yan'uwansa har ki ɗauka kullum jirgi faɗowa yake.

Maganar ƙawarki ta kemis kuwa a'a. Irin su diazepam ba alewa ba ne. Suna sa mutum ya yi nauyi ya kasa tashi da sauri in an buƙaci hakan, suna sa ki yi awanni a ƙudundune ba motsi wanda hakan ke iya jawo daskarewar jini a ƙafa, wasu ma maimakon su kwanta sai maganin ya birkita su su kama rigima a cikin jirgi, kuma in kin sauka ba abin da kika koya, ranar dawowa tsoron na jiran ki a Jidda. A Ingila ma asibitocin unguwa da yawa sun daina rubuta shi don tsoron jirgi. Ga kuma Saudiyya ba ta wasa da shigo da irin waɗannan ƙwayoyin ba takardar likita, kar a je neman lada a ƙare a hannun jami'ai. Abin da nake so ki yi shi ne ki ga likita tun yanzu, a auna jininki a duba zuciyarki don ki samu natsuwa cewa lafiyarta lau, sannan ki faɗa masa labarin Gwammaja yadda kika faɗa min. Tunda abin ya kai shekara da shekaru kuma yana hana ki barci, ki nemi a haɗa ki da ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano akwai a Dawanau. Kar ki ce min ai ni ba mahaukaciya ba ce, ba wanda ya ce, zama ake yi ana hira ana koya miki yadda zaki tunkari abin mataki mataki, kuma irin wannan tsoron yana cikin waɗanda suka fi jin magani. In likita ya ga kina buƙatar ƙwaya shi zai rubuta wadda ta dace da ke ya ba ki takarda.

Ranar tafiya kuma, alhazai sun san zaman sansani, ana iya cewa yau a koma gobe, jinkiri ba alamar jirgin ya lalace ba ne kuma ba ishara ba ce aka yi miki, kar ki fara fassara. Ki ci abinci marar nauyi, kar ki hau da yunwa kar kuma ki cika ciki da mai. Ki bar kofi da lemon ƙarin kuzari da goro, suna sa zuciya bugawa ki ɗauka tsoro ne, goron ma dai an hana shiga da shi can. In kina shan maganin hawan jini ko na suga ya kasance a jakar hannu ba cikin babbar jaka ba. In ana iya zaɓa ki roƙi kujerar da ke saitin fiffike, nan ne girgiza ta fi sauƙi, can baya ta fi yawa, kuma tunda ke rufewa ce ke damun ki ki zauna ta bakin hanya ba jikin taga ba. Kina shiga ki faɗa wa ɗaya daga cikin ma'aikatan cewa hawanki na farko ne kuma kina jin tsoro, in ba ta jin Hausa ki sa wani ya faɗa mata, sun saba, za su riƙa leƙo ki. Ki samu wata Hajiya da ta taɓa zuwa mai sanyin hali ki zauna kusa da ita, ban da mai salati da ƙarfi irina.

Ki sha ruwa. Mata da yawa na ƙin sha don kar su shiga banɗakin jirgi, toh ki shiga, ba abin da zai zuƙe ki, ƙarar ruwan ce kawai kamar tsawa, ki rufe murfin kafin ki danna. Ki riƙa motsa ƙafa kina ɗan miƙewa. Wajen sauka kunnenki zai toshe ko ya yi zafi, ki tauna cingam ko ki yi ta haɗiyar yawu ko hamma, in kina mura ki faɗa wa likitan tawagarku tun kafin a tashi. Zaki ji injin na raguwa yana ƙaruwa, fiffike ya buɗe wasu faranti yana ƙugi, tayoyi su fito da ƙara, a daki ƙasa, sai wata ƙara babba kamar zai sake tashi, birki ne. Wani lokaci ma yana dab da sauka sai ya fasa ya koma sama ya zagayo, ya taɓa faruwa da ni a Kano lokacin hazo, matuƙin bai gamsu da yadda yake ganin titi ba ya sake shiri, kuma wallahi irin wannan matuƙin nake so ya ɗauke ni.

Addu'ar hawa kin san ta, kabbara uku sannan Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin, wa inna ila Rabbina lamunƙalibun. Ki tsaya kan ma'anarta, muna tsarkake Wanda Ya hore mana wannan abin da mu ba mu isa mu sarrafa shi ba. Ai damuwarki kenan, ba ke ke riƙe da sitiyari ba, kuma ga shi an sa miki a baki ki faɗa tun kafin a tashi. Sahabbai kuma in suna hawa tudu kabbara suke yi in suna gangara su yi tasbihi, toh ga aikin yi, yana hawa Allahu Akbar yana sauka Subhanallah.

Ba na miki alƙawarin zaki hau ba tsoro, ƙila ma ki yi kuka a kan matakala, ki yi abinki ki share da bakin hijabi ki shiga, ba wanda zai duba fasfo ya ce masu kuka su koma gida. Ki rubuto min bayan sati biyu ki faɗa min kwana nawa kika yi numfashin da kuma me likita ya ce. In kuma Allah Ya kai ki Madina ki saka ni a addu'a, dabino ajwa nake so ba zannen gado ba.